Bayanan Da Ke Rakiyar Fayil A Cikin Ƙunshin ZIP

Muna sanar da jami'an ƙananan hukumomi masu aiko da jerin sunayen ma'aikata ko takardun filaye cikin ƙunshin ZIP cewa kowane fayil yana tafe da bayaninsa. A harshen kwamfuta na Python, sashen zipfile yana riƙe wannan bayani a wani abu mai suna ZipInfo: sunan fayil, girmansa kafin matsewa da bayanta, ranar gyara ta ƙarshe, da lambar CRC-32 mai nuna ko fayil ya lalace a hanya.

Ranar ce muke so a kula da ita. Tsarin ZIP, wanda Phil Katz ya fitar a 1989, ya gaji agogon MS-DOS, shi ya sa ba ya karɓar shekarar da ta gabaci 1980. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, mai rubuta manhaja yana iya cusa duk ranar da ya ga dama a ZipInfo kafin ya rufe ƙunshin, kuma CRC-32 ba ta duba rana. Saboda haka muna kira ga hakimai, dagatai da sakatarori da kada su karɓi wannan rana a matsayin shaidar lokacin rubuta takardar gona. A nemi rajistar ofis da hatiminta.