Kajin Gida da Gadon Launin Gashinsu

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Kagoro da Zonkwa da Kwoi, da wuya a shiga gidan manomi a rasa akurki. Kaji su ne asusun iyali. Mata da yara ne suka fi kula da su, kuma idan buƙata ta taso, kamar kuɗin makaranta ko na magani, sai a kama zakara a kai kasuwa. A lokacin Kirsimeti da Sallah da bikin Afan, wanda mutanen Kagoro suke yi ranar 1 ga Janairu, kaji sukan yi tsada ƙwarai.

Wanda ya dubi kajin gida ɗaya zai ga launuka iri-iri: baƙa, ja, fara, mai ruwan toka, da wake-wake. Wani lokaci baƙar kaza da baƙin zakara sukan samar da farin ɗan tsako, har mai su ya zargi zakaran maƙwabci. Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. To, me ya sa wannan ɗan tsako bai gaji uba ko uwa ba?

Yadda gado yake tafiya

Kowace halitta tana karɓar kamanninta daga iyayenta ta hanyar wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin gado. Waɗannan ƙwayoyi suna jere ne a kan wasu zarurruka da ke cikin jiki. Kaza tana da irin waɗannan zarurruka 78, wato tagwaye 39, rabi daga zakara, rabi daga uwa. Saboda haka, a kan kowace siffa ɗan tsako yana da ƙwaya biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Wanda ya fara gano ƙa'idar gado shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a birnin Brno na ƙasar Cek ta yau. Ya yi gwaje-gwajensa da wani irin wake, ya buga sakamakon a 1866. A 1902 wani masani ɗan Ingila, William Bateson, ya nuna cewa ƙa'idar tana aiki a kan dabbobi ma, kuma da kaji ya yi gwajinsa.

Ƙa'idar ita ce: wata ƙwaya mai rinjaye ce, wata kuma mai ɓuya. Idan suka haɗu, siffar mai rinjaye ce take bayyana. Mai ɓuya ba ta ɓacewa, tana nan a kwance, ba za ta nuna kanta ba sai ta gamu da 'yar'uwarta.

Baƙi da ja da fari

Rini iri biyu ne kawai jikin kaza yake yi wa gashi: baƙi da ja. Sauran launukan duka daga waɗannan suke fitowa, gwargwadon yawan rinin da wurin da ya zauna. Farin gashi kuwa shi ne wanda rini bai shiga ba.

Fari iri biyu ne. Akwai fari mai rinjaye, irin na kajin Leghorn na turawa, wanda ƙwaya ɗaya tak ta isa ta rufe baƙi. Akwai kuma fari mai ɓuya, kuma shi ne amsar tambayarmu. Idan baƙin zakara da baƙar kaza kowannensu yana ɗauke da ƙwayar fari ɗaya a ɓoye, ɗan tsakon da ya karɓi ɓoyayyar ƙwaya daga kowane ɓangare zai fito fari. A lissafi, ɗaya cikin huɗu ne yake fitowa haka. Idan kaza ta ƙyanƙyashe ƙwai 12, ana sa ran kamar uku su zama farare, ko da yake suna iya fin haka ko su kasa. Ke nan farin ɗan tsako ya gaji iyayensa duka biyu, sai dai abin da suka ɓoye ne ya gada.

Ruwan toka yana da tasa ƙa'idar. Ƙwayarsa tana surka baƙi ne kawai. Ƙwaya ɗaya tana mai da baƙi ruwan toka, biyu kuwa suna mai da shi fari mai ɗigo-ɗigo. Don haka idan aka haɗa zakara da kaza masu ruwan toka, rabin 'yan tsakin ne kawai za su yi kama da su. Kashi ɗaya cikin huɗu za su zama baƙaƙe, sauran kashi ɗayan kuma farare masu ɗigo.

Launin da ke nuna jinsi

A wajen mutane, abin da ya zo daga uba ne yake sa jariri ya zama namiji ko mace. A wajen kaji, daga uwa ne. Zakara yana da zaren jinsi biyu iri ɗaya, waɗanda masana suke rubutawa ZZ, kaza kuwa tana da ZW. Wasu ƙwayoyin launi a kan zaren Z suke. Kaza tana ba 'ya'yanta maza zarenta na Z, matan kuwa daga uba kaɗai suke samun nasu.

Ga misali. Ƙwayar da ke yi wa gashi ratsin fari da baƙi tana kan zaren Z, kuma mai rinjaye ce. Idan aka haɗa kaza mai ratsi da zakara marar ratsi, 'ya'ya maza duka za su yi ratsi kamar uwarsu, matan kuwa ba za su yi ba. Sau da yawa tun ranar ƙyanƙyasa ana ganin farin ɗigo a kan mazan. Masu manyan gidajen gona suna amfani da irin wannan dabara don rarrabe maza da mata tun suna kwana ɗaya.

Siffar gashi

Ba launi kaɗai ake gada ba. A kasuwannin kudancin Kaduna ana ganin kaji marasa gashi a wuya, da waɗanda gashinsu ya murɗe ya juya sama. Wasu suna ɗauka cuta ce, amma gado ne, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta bayyana kowace daga cikin siffofin biyu. Irin waɗannan kaji sun fi jure zafi, domin iska tana samun fatarsu.

Kaji ruwa-biyu

Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, alhali ta gidan gona tana iya kusantar 300. Wannan ne ya sa masu kiwo suke sayo zakarun zamani su saka cikin kajinsu. Daga cikin irin da aka inganta a Nijeriya akwai ShikaBrown, ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da FUNAAB Alpha ta Abekuta, da Noiler. 'Ya'yan farko na irin wannan haɗi sukan fi kajin gida girma da yawan ƙwai. Amma idan suka ci gaba da barbara a tsakaninsu, jikokin sukan fito kowa da kamarsa, domin ɓoyayyun ƙwayoyi sun sake haɗuwa.

Akwai kuma hasarar da ya kamata a guje wa. Kazar gida ta iya kwanci na kwana 21, ta iya kiwo a juji da bayan gida, ta kuma san yadda za ta kare 'ya'yanta daga shirwa. Yawancin kajin gidan gona sun bar kwanci. Iyalin da suka sayar da kajinsu na gida duka za su wayi gari suna da ƙwai, ba su da mai ƙyanƙyashe shi.

Saboda haka mai kiwo mai hankali yakan bar wasu kajin gida tsantsa. Yakan ajiye zakara ɗaya ga kaji kamar goma, ya riƙa sauya shi daga wani gida don kada jini ɗaya ya yi ta maimaituwa. Idan yana son ya tabbatar da uban 'yan tsaki, sai ya killace kazar da zakaran da ya zaɓa har mako uku kafin ya fara tara ƙwan kwanci, domin irin tsohon zakara yakan daɗe a jikinta.

Daga ƙarshe, a sani cewa launi ba ya hana cuta. Annobar da likitocin dabbobi suke kira Newcastle, wadda ta fi tsanani lokacin hunturu, ba ta bambanta fara da baƙa. Maganinta rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa. Mai saye yana iya zaɓen launin da ya yi masa, amma mai kiwo lafiya da girma da iya reno zai fara dubawa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin ƙwaya mai rinjaye da mai ɓuya?
2. Yaya baƙaƙen iyaye suke samar da farin ɗan tsako?
3. Kawo amfani biyu na kazar gida da ba a cika samu ga ta gidan gona ba.
4. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimloli: akurki, kwanci, ruwa-biyu, rigakafi.