Ina ya kamata manhaja ta ajiye fayil ɗin da ake gyarawa?

A ce mai buga takardu a Zangon Damagaram ya wuni yana daidaita manhajarsa, har ƙ da ɗ suka zauna daidai a samfurin wasiƙarsa. Aka sabunta manhajar da dare, da safe ya tarar komai ya koma yadda ya zo. Galibi wurin ajiya ne ya cuce shi.

A Linux, ƙa'idar tsara wuraren ajiye fayiloli ta FHS, wadda bugunta na 3.0 ya fito a 2015, ta raba ɗakuna. Fayil na asali yana zama a /usr/share. Nan rumbun mai manhaja ne, kowace sabuntawa sai ta zuba sabo a kan tsoho. Saitin da ya shafi na'urar gaba ɗaya yana /etc, kuma Debian, wani nau'in Linux, kan tambaye ka kafin ta taɓa fayil ɗin da ka gyara a can. Wannan ladabi ya burge ni ƙwarai. Gyaran mutum na kansa kuwa a ~/.config yake kwana, kamar AppData a Windows.

Matasanmu masu rubuta manhaja, ku bar na asali a rumbu, ku ba mai aiki kwafinsa ya gyara.