Fashin Teku: Abin da Ya Shafi Mutumin Potiskum

Wanda duk ya tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri a garin Potiskum zai ga tireloli jere, wasu ana yi masu gyara, wasu suna jiran lodi. Mutanen garin sun yi suna wajen mallakar manyan motoci da tuƙa su, kuma yawancin kayan waje da suke ɗaukowa daga Ikko jirgin ruwa ne ya sauke su a tashar Apapa. Saboda haka in aka taɓa jirgi a teku, to, an taɓa tukunyar direban da watakila bai taɓa hawa ko kwalekwale ba.

A shekarar 2020 babu ruwan da ya kai mashigin tekun Gini haɗari. Cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya a wannan shekara, 130 a nan aka kama su. A watan Janairu na 2021 'yan fashi suka hau wani jirgin kwantena mai suna Mozart, suka kashe mutum guda, suka tafi da Turkawa 15.

Ƙasar Denmak, wadda take da manyan kamfanonin jiragen ruwa, ta aiko da jirgin yaƙi. A watan Nuwamba na 2021 sojojinsa suka yi arangama da waɗanda ake zargi da fashi, suka kashe huɗu, suka kama huɗu. Daga nan aka shiga tsaka mai wuya, domin ba a sami ƙasar da ta yarda ta karɓe su ta yi masu shari'a ba. Ƙarshenta aka saki uku a cikin ƙaramin jirgi, aka tafi da na huɗun, wanda ya rasa ƙafa, can Denmak. Ba a jima ba, da rikicin Yukren ya taso, aka janye jirgin gida. Taimakon baƙo ke nan, ranar da tasa ta taso sai ya naɗe tabarmarsa.

A ganina abin da ya fi yin tasiri shi ne wanda aka yi a gida. Tun 2013 ƙasashen yankin suka ƙulla yarjejeniya a Yawunde don musayar labari. A 2019 Nijeriya ta kafa dokar hana fashin teku, wadda a ƙarƙashinta Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu a 2021. A watan Yuni na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue, mai jiragen sintiri na ruwa da na sama. Hare-hare suka ragu ƙwarai.

Ba a gama ajiyar zuciya ba sai ga ta Bahar Maliya. A watan Nuwamba na 2023 'yan Huthi na Yaman suka kame jirgin Galaxy Leader, suna cewa saboda yaƙin Gaza ne. Amurka da Ingila suka shiga yi masu ruwan bama-bamai daga Janairun 2024, Tarayyar Turai kuma ta tura jiragen rakiya. Duk da haka jirgin Rubymar ya nitse da lodin takin zamani a watan Maris. Manyan kamfanoni suka ƙaurace wa mashigin Suwes, suka riƙa kewayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kwana 10 ko fiye, kuɗin dakon kwantena ya tashi a ko'ina.

Mai jirgi dai ba ya asara. Ƙarin kuɗin dako da na inshora yana ɗora su a kan mai kaya, mai kaya ya ɗora wa ɗan kasuwa, har su sauka a kan mai sayen taya ko kayan gyaran mota a Potiskum. Ko a 2024 hukumar NIMASA tana kukan cewa ana cajin jiragen da ke zuwa Nijeriya inshorar yaƙi, alhali fashin ya lafa.

Mutanen Potiskum sun san abin da harin 'yan bindiga yake yi wa kasuwa. Ranar Laraba 2 ga Mayu, 2012, aka afka wa babbar kasuwar shanunsu, aka kashe fiye da mutum 30, aka cinna wa wurin wuta. Babu ƙasar da ta aiko da rundunar rakiya don shanun nan, su da kansu suka share toka suka koma ciniki.