Wasan Da Ba Wanda Ya Taɓa Ci

A ranar 4 ga Satumba, 1972, gidan talabijin na CBS da ke Amurka ya dawo da shirin The Price Is Right, Bob Barker yana gabatarwa. Shiri ne na cankar farashi: a nuna maka kaya, ka faɗi kuɗinsa, in ka dace ka tafi da shi gida. Har yau ana yin sa. Amma cikin wasannin da aka fara da su akwai wani mai suna Bullseye, wanda ko mako biyu bai cika ba aka jingine shi.

Dokarsa ba wuya a baki. A fito da sabuwar mota, a ba ɗan takara dama bakwai ya faɗi farashinta cif-cif, ba ƙarin dala ɗaya ba ragi. Duk faɗar da ya yi, Barker zai gaya masa ya ƙara ko ya rage. Sau 5 aka buga wasan, kuma duka biyar ɗin hannu rabbana 'yan takarar suka koma.

Da muka fara jin labarin, mun ɗauka su ne ba su iya ba. Sai muka jawo biro da takarda.

Dabarar da ta fi kowace a irin wannan wasa ita ce ka riƙa faɗin lambar tsakiya. A ce farashin yana tsakanin 1 da 127. Ka ce 64. Ko an ce ƙara ko rage, lambobi 63 suka rage maka. Ka sake rabawa biyu, saura 31, sai 15, sai 7, sai 3, sai 1. A faɗa ta bakwai ka kama shi. To iyakar ƙarfin dama bakwai ke nan, lambobi 127. Farashin mota kuwa dubban daloli ne.

Masu shirin sun yi ƙoƙarin sassautawa, suka bayar da tazarar dala 500 da farashin yake ciki. Ko a nan, wanda ya bi lissafi ba kuskure damarsa kusan ɗaya cikin huɗu ce, don sai da faɗa tara ake da tabbas. Balle mutumin da ke tsaye gaban kyamara, jama'a na ihu, zuciya na dukan uku-uku. Mu dai abin ya tuna mana jarrabawar da aji guda ke faɗi, a ce wai yara ne ba sa karatu.

A watan nan dai aka shigo da Clock Game. Ƙara da ragen ne, amma ka yi ta faɗa iya saurin bakinka cikin daƙiƙa 30. Shi kam ana ci, kuma yana nan har yanzu.

Ku gwada a aji lokacin tara. Wani ya ɓoye lamba tsakanin 1 da 127, ku nemo ta a faɗa bakwai. In kun gama, ku mayar da ita 500.