Tagar Sirri: Shawarar Jiya Na Iya Cutar da Mai Bin Ta Yau

Ƙungiyoyin da ke taimaka wa matan da ake cin zarafinsu a gida sukan rubuta wata shawara a shafukansu na intanet: idan kina tsoron a ga abin da kika duba, ki buɗe tagar sirri. Niyyar mai kyau ce. Matsalar ita ce tagar ba iri ɗaya ba ce a kowace burauza, kuma kamfanoni na sauya ta ba tare da sun yi shela ba.

Ko a suna ma ba a haɗu ba. Safari ce ta fara fito da tsarin a 2005. Chrome ta zo da nata a 2008 da sunan Incognito, Internet Explorer da Firefox suka biyo baya a 2009. A Edge, InPrivate ake cewa. Sai batun maɓallai: a kwamfuta mai Windows, Ctrl+Shift+N na buɗe tagar sirri a Chrome da Edge, amma a Firefox aikin waɗannan maɓallan shi ne dawo da tagar da aka rufe. Ctrl+Shift+P ne nata. To a duba halin wadda ta bi umarnin da aka rubuta don Chrome alhali Firefox ce a gabanta: garin neman ɓoyewa sai ta tono abin da ta riga ta rufe.

Aikin tagar bai taka kara ya karya ba. Tana hana na'urar ajiye tarihin shafukan da aka shiga, da kukis, da abin da aka cike a fom. Fayil ɗin da aka sauke yana nan daram. A Chrome ba a share komai sai an rufe dukkan tagogin sirri. A bar ɗaya a buɗe, magana tana nan. Kamfanin da ke ba da intanet, da mai kula da wayifai na ofis ko makaranta, da shafin da aka shiga, duk suna iya ganin sawu. Idan kuwa an dasa manhajar leƙen asiri a wayar, labule ne a ɗakin da babu bango.

Mutane da yawa ba su san haka ba. A 2018 masu bincike daga Jami'ar Chicago da Jami'ar Leibniz ta Hannover sun gwada bayanan da burauzoji ke bayarwa game da tagar sirri a kan mutum 460. Fiye da rabinsu sun ɗauka cewa Google ba zai ajiye abin da suka bincika a tagar sirri ba ko da sun shiga asusunsu. Abin takaicin shi ne yawancin bayanan da kamfanonin suka rubuta ba su gyara wannan kuskuren fahimta ba.

Har gaban alƙali aka je. A 2020 aka maka Google a kotu a Kalifoniya ana neman aƙalla dala biliyan 5, bisa zargin tattara bayanan masu amfani da Incognito. Sharuɗɗan sulhun da suka fito a 2024 sun haɗa da goge biliyoyin bayanai da sake rubuta gargaɗin da ke fuskar tagar. Daga nan duk takardar wayar da kai mai ɗauke da hoton tsohon gargaɗin ta tsufa. Haka ma wadda aka rubuta kafin 2023, shekarar da Safari ta fara kulle tagogin sirri har sai an nuna fuska, ko yatsa, ko lambar sirri.

A ganina, mai rubuta irin wannan shawara ya faɗi sunan burauzar, ya bambanta waya da kwamfuta, ya sa ranar da ya gwada da hannunsa, ya kuma fara da abin da tagar ba ta ɓoyewa. A gidajen da waya ɗaya ke yawo tsakanin miji da mata da yara, sai ya ƙara gargaɗi ɗaya: tarihin da aka share ƙarƙaf shi ma yana iya jawo tambaya.