Kada mu yi gaggawar tumɓuke dashen mangwaron da ɗari ya ƙona

Ƴan'uwa masu garka na ƙasar Kurfai, kowace shekara a watannin Disamba da Janairu muna ganin abu guda. Mutum ya sayi dashen mangwaro mai aure, ya sha wahalar ban ruwa, sai hunturu ya busa. Ganye ya naɗe, ya yi ja, ya bushe. Mai garka ya ce itace ya mutu, ya tumɓuke shi. Sau da yawa kuwa da ransa ake jefar da shi.

Abu biyu ne suke ƙona ganyen. Iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye ruwan ganye fiye da yadda ƙananan saiwoyi za su iya mayarwa. Sai kuma sanyin asuba. Iska mai sanyi tana da nauyi, cikin dare takan gangara ta kwanta a kwari. Garakenmu da yawa kuwa, tun da aka ba noman rani ƙarfi bayan farin 1984, a cikin kwarin Dallol Boso suke, inda rijiya ba ta da zurfi. Ruwa ba ya daskarewa a wurinmu kamar yadda yakan yi a duwatsun Ayar, amma sanyin ya isa ya galabaitar da ƙaramin dashe.

To, yaya za mu gane ko yana da rai? Mu kankare ɓawon reshe kaɗan da farce. In mun ga kore mai danshi, akwai rai. In launin ƙasa ne, a bushe, mu sauko ƙasa kaɗan mu sake gwadawa, har mu kai wurin auren.

In da rai, mu ajiye wuƙa tukuna. Busasshen ganyen nan, duk da muninsa, shi ne bargon itacen. Yankewa yanzu yana tayar da sabon toho, toho kuwa ba ya jure ɗari. Don haka ne ma ba a zuba taki a wannan lokaci.

Mu kafa zana ko karan hatsi ta arewa maso gabas, inda iskar take fitowa. Mu rufe ƙasa da ciyawa, amma mu bar tazarar tafin hannu daga gindi saboda gara. Mu ba da ruwa da safe. A nan ne mutane suke yawan kuskure: tausayi ya sa su cika ramin da ruwa kullum. Itacen da ya rasa ganye ba ya sha da yawa, saiwa sai ta ruɓe. Mu tura yatsa cikin ƙasa. In da laima, mu jira gobe.

Wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, idan ɗari ya wuce kuma toho ya fito, sannan mu yanke busasshen reshe da wuƙa mai kaifi, mai tsabta, daidai saman sabon tohon. Mu sa ruɓaɓɓen taki kaɗan.

Mu lura da inda tohon ya fito. Wanda ya fito sama da wurin aure, shi ne irin da muka saya. Wanda ya fito ƙasa da shi, na uwar gindi ne, mu cire shi don kada ya ƙwace abinci. In kuwa saman ya mutu gaba ɗaya, sai na ƙasan kaɗai ya tsira, mu bar toho guda mai ƙarfi ya girma. Idan ya kai kaurin fensir, mu nemi malamin gona a Filinge ya sake yi masa aure.