Gawayin Gona Wajen Haɗa Takin Dabbobi

Gawayin gona shi ne wanda ake samu idan aka gasa ragowar amfanin gona, kamar buntun shinkafa, totuwar masara ko ɓawon gyaɗa, a zafin digiri 300 zuwa 700 tare da hana iska shiga sosai. Rashin iskar ne ke hana kayan cinyewa su koma toka. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin mutanen da suka zauna a yankin Amazon na Brazil ƙarnoni da dama da suka wuce sun bar baƙar ƙasa mai gawayi wadda har yau ta fi ta kewayenta albarka.

Babbar matsalar tara kashin dabbobi a juji ita ce asarar sinadarin naitirojin. Yayin da kashin ke ruɓewa, sinadarin na ficewa a matsayin iskar amoniya, wadda ita ce warin nan mai hawa kai da ake ji a ɗakin kaji. Inda tulin ya cushe kuwa, iska ba ta ratsa shi, sai ruɓewar ta yi jinkiri.

Gawayi na magance duka biyun saboda jikinsa cike yake da ƙananan ramuka. Ramukan na kama amoniya, suna riƙe danshi, suna kuma zama mazaunin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da taki. Gutsattsarinsa na sassauta tulin, iska ta shiga, zafi ya haura digiri 55, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa.

Ana farfasa gawayin, a jiƙa shi, a gauraya da kashin tun ranar farko, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tulin, sannan a riƙa juyawa. Idan ya yi yawa yakan busar da tulin. Zuba ɗanyen gawayi kai tsaye a gona kuma na iya tsotse abincin shuka a farkon lamari, amma wanda ya nuna cikin taki ya riga ya ƙoshi.

A ƙasar Hausa, harawa da kara abincin dabbobi ne, don haka buntun da ke tsibi a injinan casar shinkafa na Kano da Kebbi ne ya fi dacewa. Irin wannan takin na taimaka wa jigawa ta riƙe ruwa, gawayin kuma yakan daɗe shekaru masu yawa a cikin ƙasa.